Rufin Tsagaggen Katako: Ɗora Shi, Kula da Shi da Gyara Shi





 Ina godiya ga waɗanda suka shirya zaman nan, da suka ba ni dama in tsaya gaban mutanen da wasunsu sun riƙe guduma tun kafin a haife ni. Maganar da aka ɗora mini ita ce ta wani irin rufi da ba a yin sa a ƙasarmu, wato rufin da ake yi da ƙananan fallayen katako tsagaggu, a jera su wani bisa wani kamar yadda gashin tsuntsu ke hawa kan juna. Ɗalibanmu suna karo da shi a littattafan gini, 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai su Amurka da Kanada suna hawa kansa da igiya a ƙugu, mu kuma muna ganin sa a hotuna muna mamaki: yaya katako zai shekara talatin ruwa na dukan sa bai ruɓe ba?

Amsar wannan tambaya ita ce laccar tawa gaba ɗaya, kuma zan faɗe ta tun yanzu don ku riƙe ta. Katako ba ya tsoron jiƙewa, abin da ke kashe shi shi ne ya jiƙe ya kasa bushewa. Duk wata ƙa'ida da zan ambata, daga zaɓen itace har zuwa inda ake kafa ƙusa, daga wannan magana ta fito. Wanda ya fahimce ta, ko ya manta lissafin inci, hankalinsa zai mayar da shi kan hanya.

Inda rufin ya samo asali

Kowace al'umma da abin da ƙasarta ta ba ta take rufe ɗakinta. Mu ƙasarmu ta ba mu jar ƙasa da giginya da ciyawa, sai muka yi soro da azara da jinka. Waɗanda Allah ya zaunar cikin manyan dazuzzuka masu ruwan sama da dusar ƙanƙara, itace ya ba su, sai suka tsaga shi suka rufa.

A arewacin Rasha, a tsibirin Kizhi da ke tafkin Onega, akwai wata majami'a ta katako da aka gina a 1714, tana da ƙubbobi 22, kowace an lulluɓe ta da ƙananan fallayen itace da aka sassaƙa da hannu. A Norwe, majami'ar Borgund ta kai shekara 800 a tsaye, kuma abin da ya tsare fallayenta shi ne ana bin su lokaci lokaci ana shafa musu baƙin ƙaro da ake dafowa daga itacen yankin. Mutanen Jafan suna tsaga fallaye sirara ƙwarai, su kafe su da ƙusoshin gora. A tsibiran Chiloé na ƙasar Chile akwai majami'u 16 na katako da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya, kuma al'adar yankin ita ce lulluɓe gini da fallayen itace. A tsibirin Borneo, inda damina ta fi tamu, ana yin irin wannan rufi da wani itace mai tauri kamar ƙarfe da suke kira ulin.

Amma inda sana'ar ta fi bunƙasa a zamaninmu shi ne gaɓar yammacin Amurka ta Arewa, wato lardin British Columbia na Kanada da jihohin Washington da Oregon na Amurka. Can ne ake samun itacen da suke kira jan sida. Sunan Turanci ne kawai ya haɗa shi da al'ul na ƙasar Lebanon, jinsinsu daban. Bishiya ce da takan haura mita 60, wata ta rayu fiye da shekara 1,000. 'Yan asalin yankin, irin su Haida, sun daɗe suna tsaga ta su yi gidaje da jiragen ruwa tun kafin zuwan Turawa. Abu uku suka ɗaukaka ta: ba ta da nauyi, tana tsaguwa miƙe sambal, kuma a cikin zuciyarta akwai wani sinadari na halitta da ke hana ƙwayoyin ruɓa cin ta. Tun 1915 masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyar da ke tantance darajar fallaye, kuma yawancin ƙa'idojin da zan kawo daga aikin masu rufi na can suka fito.

Tsagawa da yankawa

Fallen rufi iri biyu ne. Akwai wanda zarto ya yanka, fuska biyu sumul, siriri. Akwai kuma tsagagge, mai kauri, mai gurji-gurji a fuska, shi ne abin maganarmu.

Gani ya kori ji. Na taɓa tsayawa a bayan gidan wani dattijo a tsibirin Vancouver ina kallon sa yana wannan aiki. Ya girke gungumen sida mai tsawon inci 24 a tsaye. A hannunsa na hagu akwai wani ƙarfe mai kama da adda, sai dai kaifinsa na kallon ƙasa, ƙotarsa kuma a tsaye take. Ya ɗora kaifin a kan gungumen, ya bar kaurin da bai kai inci ɗaya ba, ya ɗauki kulki na katako ya buga sau biyu. Da ƙarfen ya nutse sai ya ajiye kulkin, ya jawo ƙotar zuwa ƙirjinsa. Sai na ji ƙas, falle ya ɓalle daga sama har ƙasa, ƙamshin itacen ya cika wurin. Kafin ya tsaga na biyu sai da ya juya gungumen, kai ya koma ƙasa. Na tambaye shi dalili, ya nuna mini cewa da wannan juyi ne kowane falle ke fitowa da gindi mai kauri da kai siriri, yadda zai kwanta lafiya ƙarƙashin ɗan'uwansa. A masana'antu kuwa sukan tsaga katakon da kauri, sannan zarto ya raba shi a karkace ya zama fallaye biyu, fuska tsagaggiya, baya sumul.

Me ya sa ake daraja tsagagge? Ku dubi rake. Idan ka tsaga shi a tsaye, zarensa na nan a miƙe bai tsinke ba. Idan ka sare shi a gicciye, ka buɗe bakin kowane zare, ruwa ya sami ƙofa. Haka itace yake, tarin ƙananan bututu ne a jere. Tsagawa tana bin jijiyar itace, ruwan sama ya sami 'yan kwaruruka da zai bi ya gangara.

Wajen saye, mai rufi na gari yana duba abu uku. Na farko, fallen ya fito daga zuciyar itace, domin farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo ba shi da sinadarin nan, shi ke fara ruɓewa. Na biyu, a gindin fallen layukan shekarun itacen su kasance a tsaye, a matse da juna. Wanda layukansa suka kwanta shi ne ke lanƙwashewa ya tsage idan rana ta dake shi. Na uku, kada a ga ƙulli a ɓangaren da zai fito fili. Fallen da ya cika waɗannan sharuɗɗa ya fi tsada, amma araha ba ta ado, a kan rufi kuwa ba ta ko kwana.

Ɗora rufin

Tun ran gini tun ran zane. Yawancin rufin da ya mutu da wuri, ranar da aka ɗora shi aka kashe shi.

Abu na farko shi ne gangare. Ba a ɗora tsagaggen falle a kan rufin da bai tashi ƙafa 4 ba a cikin kowace ƙafa 12 ta faɗi. In ya fi haka tsayuwa, ya fi kyau. Masu jinka da ke cikinmu sun san wannan tun daga iyayensu: jinkar da ta kwanta ita ce ke riƙe ruwa ta ruɓe, mai tsini kuwa ruwa bai zama a kanta.

Abu na biyu shi ne abin da fallen zai kwanta a kai. Tsohuwar hanya, wadda har yau ta fi dacewa da wurare masu laima, ita ce a jera siraran katakai a kan rafta, a bar rata tsakaninsu, yadda iska za ta riƙa shafar bayan fallayen daga ciki. Inda dusar ƙanƙara ko dokar gini ta tilasta a shimfiɗa katako a rufe ruf, masu lura sukan ƙara 'yan sanduna ko wata raga a kai don iska ta sami hanya. Sararin da ke tsakanin silin da rufi shi ma sai an yi masa ƙofofin iska, a ƙasa wajen leɓen rufi da kuma can ƙololuwa, tururin gida ya sami mafita.

Daga ƙasa ake farawa. Sahun farko ninki biyu ake yi, a bar shi ya zarce bakin rufi da inci ɗaya da rabi don ruwa ya ɗiga nesa da katakon gaba. Daga nan kowane sahu sai ya hau kan na ƙasansa. Fallayen sukan zo da tsawon inci 18 ko 24. Mai inci 24 ba a barin fiye da inci 10 nasa a fili, mai inci 18 kuwa inci 7 da rabi. Ma'ana, ko'ina ka soka allura a rufin za ta ratsa falle biyu aƙalla. Wanda ya rage abin da ke fili, mai inci 24 ya bar inci 7 da rabi kawai, ya sami ninki uku. Kafintan da ya buɗa sahu don ya rage kuɗin kaya ya ci amanar mai gida, kuma damina ce za ta tona shi.

Tsakanin falle da maƙwabcinsa ana barin rata kamar ta rabin inci. Katako yana kumbura in ya sha ruwa, in ba shi da wurin motsawa sai ya ture ɗan'uwansa su tashi su yi tozo. Ratar nan kuma hanyar ruwa ce da iska. Amma kada ratar sahun sama ta faɗo daidai kan ta sahun ƙasa, sai an kauce da aƙalla inci ɗaya da rabi. Magina sun san irin wannan a jerin bulo, ba a ɗora gaɓa kan gaɓa.

Da yake fuskar tsagaggen falle ba sumul take ba, akwai 'yan ƙofofi da iska kan tura ruwa ko dusar ƙanƙara ta cikinsu. Don haka bayan kowane sahu ake shimfiɗa takardar kwalta mai faɗin inci 18, ta rufe kawunan fallayen ta haura kan katakon baya. Inda bakinta na ƙasa zai tsaya yana da ƙa'ida: ninki biyu na abin da aka bari a fili. In inci 10 aka bari, takardar za ta fara ne inci 20 daga gindin fallen. Idan aka sauko da ita ƙasa da haka, rana za ta leƙa ta cikin rata ta cinye ta, ita kuma ta riƙe danshi a jikin katakon.

Sai ƙusa, wadda ita ce ƙarama a cikin kayan aikin, ita ce kuma ta fi kashe rufi. Ƙusa biyu tak ake sa wa kowane falle, komai faɗinsa. In ka ƙara ta uku ka ɗaure shi tamau, ranar da ya so motsawa sai ya tsage. Kowace ƙusa tana shiga kamar inci ɗaya daga gefe, kuma a wurin da sahu na gaba zai rufe kanta da inci ɗaya da rabi zuwa biyu. Ana buga ta kanta ya kwanta daidai da fuskar katako a tsaya. In ta nutse ta farfasa jijiyar itacen, ta haƙa ɗan rami da ruwa zai kwanta. Ƙusar baƙin ƙarfe haramun ce a wannan aiki, domin sinadarin da ke cikin sida yana cin ta, ta yi tsatsa, ta zubo da baƙin zane a kan rufin, daga bisani ta tsinke fallen ya zame. Ƙarfe mara tsatsa ake nema, ko wadda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya. A kusa da teku, inda iska ke ɗauke da gishiri, mara tsatsar ce kawai ke ɗorewa.

Wuraren da suka fi yoyo su ne mahaɗai: kwarin da rufi biyu suka gamu, gindin bututun hayaƙi, da inda rufi ya jingina da bango. Nan ana shimfiɗa fallen ƙarfe a ƙarƙashi. A kwari sai ya shiga aƙalla inci 10 ta kowane gefe, kuma ba a huda tsakiyarsa da ƙusa. A ƙololuwa kuma ana kifa fallaye bibbiyu, wannan ya hau ta dama, na gaba ya hau ta hagu, har a kai ƙarshe.

Kula da shi

Sabon rufin sida ja ne mai ɗaukar ido. Cikin shekara ɗaya ko biyu rana takan mayar da shi ruwan toka mai sheƙi, wannan ba cuta ba ce, furfura ce. Cutar tana zuwa ne daga inuwa da datti.

Ganyen bishiya yakan faɗo ya cika 'yan ratar nan da muka bari. Ya jiƙe, ya zama taki, gansakuka ta tsiro a kai. Gansakuka kamar soso take, tana riƙe ruwa kwana da kwanaki bayan an ɗauke sama, tana kuma cusa saiwarta ƙarƙashin gindin falle. A waɗancan ƙasashe ɓangaren rufin da ke kallon arewa shi ya fi fama da ita, domin rana ba ta cika leƙa shi ba. Maganin mai sauƙi ne: a share rufin aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan ganye ya gama zuba, a bi rata ɗaya bayan ɗaya a fitar da abin da ya maƙale, a kwashe dattin magudanar ruwa, a sare rassan da suka yi wa rufin rumfa. Wasu kan kafa siririn fallen tutiya ko jan ƙarfe a ƙasan ƙololuwa, ruwan sama ya wanko ɗan sinadarinsa ya gangaro da shi, ya hana gansakuka kama sahun da ke kusa.

Akwai abu biyu da mai gida kan yi da kyakkyawar niyya ya cuci kansa. Na farko shi ne wanke rufin da injin feshi mai ƙarfi. Sida itace ne mai laushi, ruwan injin yana kankare namansa, ya rage masa shekaru a yini guda. Na biyu shi ne shafa fenti ko wani mai da ke daskarewa ya yi fata a kan katako. Wannan na gan shi da idona. An kira wani mai gyara da nake bi ina koyo, muka je wani gida da mai shi ya shafe rufinsa da irin wannan mai don ya yi sheƙi. Daga ƙasa rufin gwanin kyau. Da muka hau, mai gyaran ya sa yatsa ya danna gindin wani falle, yatsan ya shige kamar cikin jiƙaƙƙen burodi. Ya ɗaga fallen, bayansa baƙi ƙirin, yana warin ruɓa. Ruwa ya shiga ta gefe da ta ƙasa, fatar nan ta hana shi fita. Man da ya dace da wannan rufi shi ne wanda ke nutsewa cikin itace, mai ɗauke da maganin ruɓa, ya bar katakon yana numfashi.

Ga masu hawa kuma ina da gargaɗi. Jiƙaƙƙen falle mai gansakuka ya fi sabulu santsi. Ba a hawa sai rufi ya bushe, ba a hawa ba igiya a ƙugu, ba a kuma hawa mutum shi kaɗai a gida.

Gyara

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Hausawa, amma a wannan rufi inda ruwa ya ɗigo a silin sau da yawa ba nan ya shigo ba. Yakan shiga can sama, ya bi jikin rafta ya gangaro. Saboda haka mai gyara daga ciki yake farawa. Ya shiga saman silin da tocila ya bi tabon ruwa zuwa mafarinsa. In ya ga ɗan hasken rana na shigowa a karkace ta tsakanin fallaye, wannan ba lalle ne ya zama yoyo ba, tabo shi ne shaida.

Kyawun wannan rufi shi ne ana iya cire falle guda a sa wani ba tare da an taɓa sauran ba. Ga yadda ake yi. Ka sa ƙarfe mai kaifi ka tsattsaga mataccen fallen a tsaye, ka zare guntayen ɗaya bayan ɗaya. Ƙusoshinsa biyu suna nan ɓoye ƙarƙashin sahun sama, sai ka zura ruwan zarton ƙarfe ka yanke su, ko ka sa wani dogon ƙarfe mai ƙugiya da aka ƙera don wannan aiki ka fizge su. Ka yanko sabon falle wanda faɗinsa zai bar rata dama da hagu. Ka tura shi ciki, amma ka tsaya saura kamar rabin inci ya daidaita da 'yan sahunsa. Ka kafa ƙusa biyu a karkace, suna kallon sama, dab da gindin fallen da ke bisansa. Sannan ka ɗora guntun katako a gindin sabon fallen ka buga da guduma. Yana shigewa sai ya ja kawunan ƙusoshin su ɓuya ƙarƙashin sahun sama. In tsagewa ce kawai fallen ya yi bai ruɓe ba, ana iya zura siririn fallen ƙarfe mara tsatsa a ƙarƙashinsa ya tare ruwan. Abin da ba a yi shi ne cika tsaga da kwalta, domin tana bushewa ta fashe, ta kuma kulle danshi a ciki.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Falle ɗaya da aka bari yana yoyo shi ke jiƙa katakon baya, daga nan ruɓa ta kama rafta. Rufin da aka ɗora bisa ƙa'ida aka kuma kula da shi yakan kai shekara 30, wani ya wuce. Amma in aka ga gindin fallaye ya yi laushi ko'ina, ko ƙusoshi sun ci tsatsa gaba ɗaya, faci ya ƙare, gaskiyar da mai gyara zai faɗa wa mai gida ita ce a sauke a sake.

Maganar wuta

Ba zan yi muku adalci ba in na yabi wannan rufi na ɓoye babban aibinsa. Bushewar da ke raya shi a ƙasar ruwa, ita ce ke mayar da shi makamashi a ƙasar fari. Jihar Kalifoniya ta koyi wannan da tsada. A watan Satumba na 1923 wutar daji ta shiga garin Berkeley ta cinye gidaje kusan 600, yawancinsu masu rufin katako. A watan Nuwamba na 1961, busasshiyar iska mai ƙarfi ta kora wuta cikin unguwar Bel Air ta birnin Los Angeles, gidaje 484 suka ƙone. Abin da 'yan kwana-kwana suka gani shi ne garwashi na faɗawa kan rufi, rufin ya kama, fallayensa masu ci da wuta su tashi sama iska ta kai su kan wasu gidaje can gaba. A 1989 birnin Los Angeles ya hana ɗora sabon rufin katako. A watan Oktoba na 1991 wata gobarar a tsaunukan Oakland ta kashe mutum 25 ta kuma cinye gidaje wajen 3,000.

Masu sana'ar sun amsa da fallayen da ake dura wa maganin hana kama wuta a masana'anta, da ƙarfin matsi, har ya ratsa cikin itacen. Wannan ya fi wanda ake fesawa a sama, wanda ruwa da rana ke wankewa. Duk da haka, a yankuna masu wutar daji hukumomi da kamfanonin inshora da yawa sun juya wa rufin katako baya.

Mu kuma fa?

Na san akwai mai tambaya a zuciyarsa, shin za mu iya yin irinsa a nan? Ra'ayina, a ƙasar Hausa bai dace ba, kuma dalilaina uku ne. Muna da hunturu, watanni ba ɗigon ruwa, iska busasshiya, kuma kowa a nan ya san abin da tartsatsi guda ke yi wa kasuwa a wannan lokaci. Muna da gara, wadda ba ta barin katakon da ba a tsare ba. Sannan ba mu da dajin da zai ɗauki wannan nauyi. Maɗaci da ƙirya da giginya sun yi ƙaranci, mun kuma ga yadda aka yi wa madobiya a dazuzzukan Taraba saboda kasuwar waje. Ko mutanen Chile sai da suka hana sare itacen da suke yin fallaye da shi a 1976, da suka ga yana neman ƙarewa.

Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne tarbiyyar aikin, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu ba su taɓa ɗaukar rufi a matsayin abin da ake gamawa a manta ba. Kafin damina ana hawa soro a cire ciyawa, a toshe tsaga, a yi yaɓe da makuba, a duba indararo. Ana sauke tsohuwar jinka a yi baibaya. Da kwano ya zo sai muka ɗauka mun huta, muka daina hawa. Ga shi kuwa kwanon ma yana da irin waɗannan larurori: ƙusar da ba ta dace ba tana tsatsa, fallen da bai hau ɗan'uwansa sosai ba yana yoyo, rafta da ba a sa mata magani ba gara na cinye ta a ɓoye, sai ranar da iskar farkon damina ta yaye rufin dungurungum.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu, ku koyi dalilin kowace ƙa'ida kafin ku haddace lissafinta. Ina roƙon iyayenmu kafintoci, ku faɗa wa mai gida gaskiyar abin da aikinsa ke bukata, ko da zai ga tsada, kada ku rage inci inda ido ba ya gani. Masu gidaje kuma, kowane irin rufi ke bisa kanku, ku sa a hau a duba shi sau ɗaya a shekara kafin hadari ya haɗu, domin a ƙarƙashinsa iyalinku ke kwana.

 Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu da gidajenmu daga gobara da ambaliya.